Masu sauke mota, ku juya bayan rim ku karanta kafin ku biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da matasanmu masu sauke mota ta yi ƙasa, sannan su sa mata rim mai faɗi. Son kwalliya ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne sayen rim da ido: mai shago ya ɗora, noti biyar suka shiga, ya ce "ya zauna daram, yallaɓai," a ƙirga masa kuɗi. Kafin wata ya zagayo fenda ta yanke gefen taya har zare ya fito.

Shigar noti ramuka kawai take tabbatarwa. Sauran bayanin yana bayan rim, an buga shi a jikin ƙarfen. Ɗauki Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle. Rim ɗinta na kamfani mai inci 16 faɗinsa inci 6.5 ne, ofset ɗinsa ET45. Ofset shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke mannewa da hob (ƙarfen da ake ɗaure rim a kansa), a milimita. Lambar na raguwa, ƙafar na fitowa waje; tana ƙaruwa, ƙafar na shigewa wajen shokozoba.

Lissafin ba wuya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma ƙarin faɗi rabuwa yake biyu, rabi ciki rabi waje. In ka koma rim mai faɗin inci 8, ka ƙara milimita 38, wato 19 kowane gefe. In ET35 ne, ofset ya sake turo shi waje da 10, sai gefen waje ya fito da 29, na ciki ya shiga da 9. Wanda ya ɗauko inci 9.5 mai ET20 don ya burge kuwa, ya fito da ƙafarsa milimita 63. Motar da ke tsayinta na asali ma da ƙyar za ta ɗauke shi, balle wadda aka sauke, da bakin fenda ya riga ya sauko kan taya.

Saboda haka a fara saukewa, a bar sifirin ya zauna na 'yan kwanaki, a yi alaimen, sannan a auna. Saukewa tana sa saman taya ya karkata ciki, awon da aka yi kafin nan ba shi da amfani. Rataya zare mai ɗaure da noti daga cikin bakin fenda, ka auna tsakaninsa da gefen taya. Ka zura hannu ta baya ka auna tsakanin taya da shokozoba. Kada sabuwar ƙafa ta bar ƙasa da milimita 5 a nan. A ganina, ga wannan Camry da aka sauke da kamar milimita 30, inci 18 mai faɗin 8 da ofset 40 zuwa 45 ya isa kyau, ba sai an murɗe fenda ba.

Taya ma da nata lissafin. Ta asali, 215/60R16, tsayinta milimita 664 ne. 225/45R18 tana ba da 660, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya sosai ba. Amma a duba lambar ɗaukar nauyi: ta asali 94 ce, sai a nemi mai 95 XL, wato mai jure ƙarin nauyi, ba 91 ba. A kuma sani cewa gefen taya ya ragu daga milimita 129 zuwa 101, kuma ramukan titunanmu ba su da tausayi. Shi ya sa ba na goyon bayan miƙar da siririyar taya a kan faffaɗan rim. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa bakinsa iska ta tsere.

Ƙaramin ofset yana da wata illar da ba a gani nan take. Nauyin mota yana komawa can waje da boris, sai ya fara kuka tun lokacinsa bai yi ba, sitiyari kuma ya riƙa fizga in an taka birki a hanya marar kyau.

Sai ramin tsakiya. Hob ɗin Camry milimita 60.1 ne, rim na kasuwa da yawa kuwa 73.1, to sai an sa zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari na iya rawa a gudu, a yi ta zargin balansin. Notin Toyota na kamfani na rim ɗin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen gindi ne da wosha, rim na kasuwa galibi mai tsini yake so. A sayi nasa, ya shiga aƙalla zagaye 8, a ɗaure a 103 Nm, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 100.

Kafin a biya, a gwada. Goga alli a cikin bakin fenda, mutum uku su zauna baya, a sa buhun shinkafa a but, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau tudun rage gudu a hankali. In alli ya taɓa taya, a mayar wa mai shago kayansa.

Wassalam.

Mai karatunku, makanikin ƙafar mota,
Kaduna.