Wasiƙa zuwa ga Baba kan abin da ke ƙarƙashin gonar wake

Wageningen, ƙasar Holan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma ina nan lafiya, alhamdu lillahi. Yaya ya gaya mini cewa a kasuwar Ringim abokanku suna yawan tambayar ku ko likita zan zama, tunda sun ji ana cewa ƙwayoyin cuta nake karantawa. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta muku bayani a tsanake, domin ƙwayoyin da nake bincike a kansu ba masu sa ciwo ba ne, masu taimakon manomi ne, kuma suna nan a gonarmu.

Idan kuka tuge wake mai kamar mako shida, za ku ga 'yan ƙululai a jikin saiwarsa. Muna yara mun ɗauka ciwo ne. Ashe ɗakuna ne da waken ya gina wa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, wato sinadarin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya, amma tsiro ba ya iya ɗaukar sa kai tsaye daga iska. Su waɗannan halittu suna iyawa. Sai su sarrafa shi su miƙa wa wake, shi kuma ya ciyar da su da sukarin da ganyensa yake haɗawa da hasken rana. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne sosai, kuma ba a shiga gidan sai da sallama: saiwar takan saki wani sinadari a cikin ƙasa, bakteriyar da ta dace ta amsa da nata, sannan a buɗe mata hanya. Tun a 1888 wani masani mai suna Beijerinck, wanda ya taɓa koyarwa a garin nan da nake zaune, ya ware wannan halitta daga cikin ƙululun saiwa. Duk lokacin da na tuna da haka sai in tuna cewa kakanninmu ma suna haɗa gero da wake a gona ɗaya ba tare da sun taɓa ganin madubin likita ba.

Abin da ya bambanta aikinmu da na mutanen da shi ne, mafi yawan halittun da ke cikin ƙasa ba sa yarda su rayu a ɗakin gwaji, alhali ƙasar da ba ta wuce cikin ƙaramin cokali ba tana iya ɗaukar miliyoyinsu. Don haka mun daina jiran su girma. Muna ɗibar ƙasar, mu fitar da abin da ake kira DNA daga duk wani mai rai da ke ciki, wato rubutun gado da Allah Ya sanya a jikin kowace halitta da haruffa huɗu kacal, sannan na'ura ta karanta, mu kuma mu tantance a kwamfuta. Akwai wani ɗan yanki na wannan rubutu da kowace bakteriya take ɗauke da shi, wanda yake nuna danginta kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum. A 2002 masu bincike a Japan sun karanta rubutun bakteriyar waken suya gaba ɗaya, suka same shi ya haura haruffa miliyan 9. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar jigawa irin tamu, mai yashi da zafi, ba a karanta ta kamar yadda aka karanta ta wasu ƙasashe ba, alhali halittar da ta jure bazararmu ita ce ta fi cancantar a san ta.

Ba zan ce muku wake ya isar da gona taki ba, domin yawancin abin da ya tara yana tafiya da ƙwayar da harawar da muke kwashewa. Amfanin yana dawowa ne idan dabbobi sun ci harawar aka mayar da takinsu gona, aka kuma bar saiwar ta ruɓe a ƙasa. Sannan idan aka cika wa wake yuriya, sai ya rage gina ƙululan. Takin supa ya fi buƙata.

Na ji ana maganar sare gawon da ke tsakiyar gonar gabas. Ina roƙonku, Baba, a bar shi. Shi ma dangin wake ne, yana da irin waɗannan baƙi a saiwarsa, ga shi yana zubar da ganye da damina, shi ya sa geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kyau, kamar yadda kuka sha nuna mini.

Ina kuma neman alfarma ɗaya. Idan waken bana ya kusa fure, a sa ƙanina ya haƙo gindi biyar daga gonar gabas, biyar daga ta bakin fadama, ya wanke saiwoyin, ya tsaga ƙululan da reza, ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Wanda cikinsa ya yi ja-ja kamar nama yana aiki. Fari ko kore ba ya aiki. Kada a aiko da ƙasar kanta, domin ba a ƙetare iyaka da ita sai da izinin hukuma. In Allah Ya yarda zan zo da kaina da damina mai zuwa in ɗiba, kuma ina da niyyar tuntuɓar masu binciken wake na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano kafin in iso.

A gaida Inna, a ce mata ina neman addu'arta. A gaida Kawu da Gwaggo da liman.

Wassalam,
ɗanku mai biyayya.