Wasiƙa zuwa ga Abba a bakin Bahar Maliya

Tudun Wada, Gombe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, Goggo ma haka. Ƙafar tata da sauƙi, har ta soma fitowa tsakar gida da kanta. Saƙonka ya iso, an biya kuɗin makarantar yara, an gyara rufin ɗakin baya. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗi. Na fara da wannan ne don kada ka ce ba a ganin ƙoƙarinka.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira, domin a waya bakinka ya fi nawa sauri. Kafin in kai ƙarshen magana ka ce "Baba, ba haka ba ne," ka yi dariya, layi ya yanke, a tashi ba a ce komai ba. Takarda kuwa ba a katse ta. Ƙanwarka za ta ɗauki hotonta ta turo maka, na kuma hana ta karantawa.

Da ka gama karatu a Alƙahira cewa ka yi za ka leƙa Dahab, garin bakin teku a yankin Sinai, ka ɗan huta kafin ka dawo gida. Damina ta zo ta wuce, an yi girbi, hunturu ya shigo, kana can. Ban hana ba. Ka ce aikinka a cikin kwamfuta yake, duk inda akwai intanet nan ne ofishinka, kuma da dala ake biyanka. Na gane lissafin. Tun watan Maris na 2024 da Misra ta saki kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga fam 31 zuwa wajen 50, mai dala a aljihu zamansa a can da sauƙi. Ban ga laifin saurayi ya nemi inda kuɗinsa zai yi auki ba.

Kuma duk labarin da kake ba mahaifiyarka ina ji, ko da ka ɗauka hankalina yana kan rediyo. Na san ba a tashi da wuri a Dahab. Na san kuna zama a shagunan shayi na bakin ruwa, a ƙasa kan darduma da matasan kai, kowa da kwamfutarsa a cinya, Bajamushe a nan, Barashe a can, 'yan Alƙahira da suka gudo wa hayaniya a gefe, mage tana ratsa tsakaninku. Na san da rana ta yi sanyi wasu su nufi wajen da iska ke jansu a kan ruwa da lema, wasu su hau keke, da dare kuma a haɗa kuɗi a gasa kifi, ko a shiga cikin duwatsu a hura wuta a sha shayin Badawi har tsakar dare. Ka ce babu mai tambayar wani ɗan wane ne, babu mai duba tufarka, babu mai kallon fatarka sau biyu. Na ji daɗin wannan na ƙarshe, domin na san abin da ka haɗiye a Alƙahira ba ka faɗa mana ba. Ka ce da safe kana hango duwatsun Saudiyya a tsallaken mashigin Aƙaba. Mahaifiyarka ta kwana tana faɗa wa maƙwabta wannan, kamar Madina ka tare.

Sai dai akwai abin da na lura da shi a cikin labaranka wanda kai ba ka lura ba. Sunayen suna canzawa. Wanda ka ce mana shi ne amininka a watan azumi, da babbar salla ya koma ƙasarsu. Wadda ta koya maka girkin nan ta wuce Indiya. Kowane mako akwai walimar ban kwana, har ka ce kekenka da tukunyarka da fankarka duk a hannun masu tafiya ka saye su. Na san irin wannan zama, Abba. Shekarun da na yi a kamfanin siminti na Ashaka tare da Turawan Ingila na yi su. Mutanen kirki ne da yawansu, mun ci tare, mun yi dariya tare, wani har sunan Yayanka ya zo. Ranar da kwangilarsa ta ƙare ya sayar da motarsa, ya ɗaga mana hannu, shi ke nan. Ban ce mugunta ba ce. Baƙo raɓa ne. Amma su suna da gidan da suke komawa, kuma ba su taɓa mantawa da haka ba. Zaman da kuke yi zaman tasha ne: hira tana daɗi, a raba gyaɗa, a ba juna labarin da ba a ba ɗan'uwa, saboda kowa ya san motarsa na zuwa. Wanda ya mai da tasha gida shi ne abin tausayi.

Kada ka ɗauka maganar giya zan yi maka, ko ta mata. Na san akwai su, bakin teku ne. Na yi maka tarbiyya, ka haddace abin da ka haddace, sauran tsakaninka da Ubangijinka ne. Ba kuma bam nake tsoro ba, ko da yake Kawunka ya zo nan yana ta maimaita cewa an tayar da bama-bamai a Dahab a watan Afrilun 2006. Na ce masa mu ma mun ga namu a tashar Dukku a 2014 da babbar kasuwa a 2015, ba mu bar Gombe ba.

Ruwa nake tsoro.

Ƙanwarka ta nuna wa mahaifiyarka wani bidiyo da ka ɗora, ita kuma ta kawo mini hannunta yana rawa. Na gan ka da baƙar rigar roba da dogayen takalma, ka ja numfashi ɗaya, ka kifa kai, ka bi igiya ƙasa har duhu ya rufe ka. Na ƙirga a zuciyata, Abba. Na ƙirga har na daina, ba ka fito ba. Da ka fito kuma sai tafi ake yi maka, kana murmushi. Mahaifiyarka ba ta ce komai ba sai "tekun da ya haɗiye Fir'auna," ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Ban tsaya a kan tsoro kawai ba, na sa ɗan Baffanka likita ya zauna ya yi mini bayani, ya kuma nuna mini wurin. Ramin nan na cikin teku da kuke kira Bulu Hol, arewa da garin kaɗan, zurfinsa ya kai mita 100. A wajen mita 55 akwai wata ƙofa a jikin dutse da ke fita zuwa babban teku, kuma ita ce ta ci mutane da yawa. Ya ce masu nutso da tukunyar iska don nishaɗi iyakarsu mita 40, domin tun daga mita 30 iskar da mutum ke shaƙa takan soma juya masa kai kamar mai maye, ya ga ƙasa ya ɗauka sama ce, ya ga nesa ya ɗauka kusa ne. Irin naku kuma na numfashi ɗaya, ya ce haɗarinsa ba a can ƙasa ya fi yawa ba, a hanyar dawowa ne, saura 'yan mitoci mutum ya fito, yana ganin hasken rana, sai ya suma ba tare da ya ji alamar komai ba. In babu wanda ya cafe shi a wannan lokaci ya ɗaga fuskarsa sama da ruwa, an gama. Ya nuna mini allunan da aka manna a jikin dutsen bakin ramin, sunayen waɗanda suka shiga ba su fito ba, da harsuna daban-daban. Kana wuce su duk ranar da ka je. Kada ka ce mini ba ka gan su ba. Kuma da yawansu ba 'yan koyo ba ne, gwanaye ne, domin wanda bai iya ruwa ba ba ya zuwa inda zai ci shi.

Na san amsarka tun kafin ka ba ni. Za ka ce ba a shiga sai da abokin tsaro yana jira a sama. To wane ne shi? Ɗan wane gida ne? Yaushe ka san shi? Mutumin da ka haɗu da shi a shagon shayi watan jiya, wanda zai bar garin watan gobe, shi ka danƙa wa numfashinka? Ya san sunan mahaifinka? In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, yana da lambar da zai kira? Ya san Musulmi ba ya kwana biyu ba a kai shi makwancinsa ba? Ya san wanka, ya san likkafani, ya san inda gabas take? Ko kuwa haɗuwa za su yi da yamma su kunna kyandir, su yi kuka na gaskiya, su manna allo, mako mai zuwa a yi walimar ban kwanan wani? Mu kuma a nan sai dai mu ga wayarka ta daina shiga.

Kai ka fi kowa sanin abin da ruwa ya yi wa gidan nan. Kana ƙarami aka dawo daga Dadin Kowa, garin madatsar ruwa, amma ka ga yadda Goggo ta koma, kuma har yau ka san hanyar da ba ta bi. Ka riƙe ni a zuciya shekara da shekaru saboda dukan da na yi maka ranar da aka gan ku a kududdufin bayan makaranta. Har gobe in aka maimaita sai na sake. Na hana ku ruwa ne don in ga girmanku, kuma na gani. Na rabu da gonar Kwadon, wadda ka san yadda ta zo hannuna da abin da 'yan'uwana suka ce da na sayar, don ka yi karatu a ƙasar Musulmi inda za ka ji kiran salla sau biyar. Ban sayar da ita don ka je ka gwada tsawon numfashinka a gaban mutanen da ba za su tuna sunanka baɗi ba. Wannan ba jarumta ba ce, Abba, rashin tunani ne, kuma rashin tausayin mahaifiyarka ne. In ka ce mini wanda ruwa ya ci shahidi ne, na sani, hadisi ne. Amma kai da ka yi karatu ka fi ni sanin ayar da ke cikin Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa.

Na ajiye alƙalami na yi sallar la'asar kafin in ci gaba, domin ba faɗa na zauna yi ba.

Na san abin da ya sa garin ya shiga ranka. A nan kowa yana da magana a kanka: yaushe aure, yaushe aikin gwamnati, me ya sa ba ka gaida wane ba. Abin da ya faru tsakaninka da Yayanka a bikin nan ma bai taimaka ba, kuma na faɗa masa nasa. A can ka sami wurin da za ka numfasa babu mai ƙirga maka. Ban raina wannan ba. Amma mutanen da suke takura maka da tambaya su ne waɗanda in ba su gan ka a sahun asuba kwana biyu ba za su buga ƙofa.

Don haka ga abin da nake so. Ka bar nutson nan na igiya, ka bar ramin nan gaba ɗaya. In iyo kake so, ka yi a bakin gaɓa inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ka kalli kifayenka masu launi da kake ba yara labari. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne, kuma ban cika ba ka umarni ba tun da ka girma.

Sannan ka nemi mutanen garin na asali. Kafin baƙi su gano Dahab ƙauyen masunta ne na Larabawan Badawi, 'yan ƙabilar Muzaina. Suna nan lokacin da Isra'ila ta riƙe yankin Sinai daga 1967, suna nan da ta fita a 1982, kuma suna nan bayan duk abokan shayinka sun watse. Ka ce a unguwar Asala kake haya, to a cikinsu kake. Larabci kuwa ba a fi ka ba. Ka san limamin masallacin da kake Juma'a, ya san ka da suna. Ka gaida mai gidan da kake haya kamar yadda za ka gaida Baffanka, in an yi musu rasuwa ka je, in an yi haihuwa ka kai abin da ya sawwaƙa. Ka ba ɗaya daga cikinsu lambata da ta Yayanka, ni ma ka turo mini tasa, mutum mai iyali wanda ba ya shirin tafiya ko'ina. Takardun zamanka kuma kada ka bari su ƙare a hannunka don ka ga wasu suna sakaci. Fasfonsu ba irin naka ba ne, abin da za a yafe musu kai ba za a yafe maka ba.

Ban ce ka tattaro ka dawo gobe ba. Amma babbar salla mai zuwa a nan nake so ka yi ta. Ɗakinka yana nan, intanet ɗin ma akwai shi a Gombe, in wuta ce matsala Yayanka ya sa sola. Akwai kuma wata magana da mahaifiyarka take so ta yi da kai wadda ba ta waya ba ce, ka san ta.

Ka kira ta kafin Juma'a. Kada ka yi mata dogon bayani a kan yadda abin yake da tsari, ba za ta ji ba. Ka ce mata ka bari, kuma ya zama gaskiya ka faɗa. Bidiyon nan ma ka cire shi, kada Goggo ta gani.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.