Ƙwayar barci ta China da ake ƙullawa a leda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata ƙwayar 'ya'yan itace da Sinawa ke kira bai zi ren, don na sha ta a garinsu, yanzu kuma na tsince ta a gidanmu cikin wata kama da ba ta kwanta mini ba.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sarowa daga Guangzhou. Duk wanda ya yi wannan tafiya ya san agogonsu ya riga namu da awa 7. A wani zuwa na kwana biyar ido biyu, ga lissafin kuɗin kwantena yana yawo a kaina, ga zuciya tana dukan uku-uku. Tafintana ya kai ni kantin maganin gargajiya. Wani dattijo ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya sa na fito da harshe, sai ya jefo tambaya ta bakin tafinta: "Yaya bayan gida?" Na sunkuyar da kai, ina cewa a raina me ya haɗa barci da wannan. Ashe ƙwayar da zai ba ni cike take da mai, tana sassauta ciki, don haka ba sa ba wa mai gudawa ko mai yawan majina. Wanda cikinsa ba shi da ƙarfi sai su ba shi wadda aka matse man.

Daga 'ya'yan wata bishiya ake ɓaro ta, mai kore shar rani da damina, wadda masana ke kira Platycladus orientalis. Tana cikin bishiyoyi biyu da birnin Beijing ya ɗauka tambarinsa. Ƙwayar ba ta wuce ta shinkafa mai ƙiba ba, fara mai ratsin rawaya, in ka murza ta sai yatsu su yi maiƙo kamar ka taɓa gyaɗa. Sun kusa shekara 2,000 suna rubuta ta cikin magungunan kwantar da zuciya, da rashin barci, da zufar dare, kuma likitansu Li Shizhen ya sa ta a babban kundin da ya kammala a 1578. Ƙa'idarsu giram 3 zuwa 10 a rana. A gabana dattijon ya auna ta a ɗan sikelin hannu, ya haɗa da wasu saiwoyi, ya naɗe rabon kowace rana a takardarsa. Dare na uku na yi barci har na makara sallar asuba. Ba zan ba ƙwayar ladan duka ba, dama jiki kan saba da gari in an kwana biyu.

To, watan jiya na shiga wajen ƙanwata na tarar da ƙullin leda, babu suna babu kwanan wata. A tasha ta saya, an ce mata "maganin China ne, a sha cokali biyu". Ina kwancewa na gane ta, sai dai ta yi duhu, tana warin tsohon man gyaɗa. Abu mai mai haka yake, bare a zafin Kano da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. In ya haɗu da laima kuma ya yi funfuna, irin wadda ke haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda muka sani a gyaɗa da masara. Hukumomin China da kansu sun sa iyakar wannan guba a kan ƙwayar. Sannan wasu ƙwayoyin haɗi da ake yi da ita akwai wani jan dutse mai zaiba a ciki, wanda ba a daɗewa ana sha.

Mu da muke shigo da kaya ba zan wanke mu ba: a daina juye magani daga kwalinsa ana ƙullawa. Mai saye ya nemi lambar NAFDAC. Ku kuma, Malam Edita, don Allah ku tura wakili ya zagaya tashoshin mota ya ga abin da ake sayarwa da sunan China.

Ledar dai na zubar da ita a kwata. Ƙanwata har yau tana bina kuɗinta.

Naku,
Wani ɗan Kwari, Kano