Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege Kan Cire Wa 'Ya'yanmu Hijabi a Makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamaninka. Mu talakawanka ne, iyayen yara mazauna Agege. Ba mu so ɗaga maka hankali ba, amma tura ta kai bango.

Ranar Litinin da ta wuce, a wajen taron safe, wata malama a ɗaya daga cikin makarantun sakandaren gwamnati ta fizge hijabin 'yarmu mai shekara 13 a gaban ɗalibai maza da mata, ta jefar a ƙasa. Hijabin nan gajere ne, iya kafaɗa, launinsa ɗaya da kayan makaranta. Yarinyar ta dawo gida ta ɗora jakar littattafai a ka don ta rufe kitsonta. Har yau ba ta koma ba, ko zancen makaranta aka yi sai hawaye. Da mahaifinta ya je bin ba'asi, ya yini a bakin ofis, daga ƙarshe aka ce ya dawo wani lokaci.

Ranka ya daɗe, ba yau farau ba. Mun je, mun rubuta, mun tura dattawa, mun yi magana a taron iyaye da malamai har mun manta sau nawa. Kullum haƙuri ake ba mu. Bayan Ƙaramar Sallah ma an kori wasu 'yan mata gida saboda lalle a hannu, kamar akwai gidan Bahaushe da ake Sallah ba ƙunshi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, shari'a ta riga ta gama maganar hijabi a makaranta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ɗalibai mata gaskiya tun 2016. Gwamnatin Legas ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin ranar 17 ga Yuni, 2022, bisa 'yancin addini da ke sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. To malama ɗaya ta fi Kotun Ƙoli ne? Mun ga yadda irin wannan ta sa aka rufe makarantu 10 a Ilorin a 2021, ba ma fatan haka a nan. Matasanmu sun so zuwa makarantar, mu muka tare su, muka ce akwai Sarki.

Don haka muke roƙon, cikin ladabi, ka kira shugaban makarantar, malamar ta ba yarinyar haƙuri a wurin da ta kunyata ta. Muna roƙon ka kai maganar ofishin ilimi na shiyya da ke nan Agege, a liƙa hukuncin kotu a kowace makaranta. In da hali, a sanar da Olu na Agege, sarkin Yarbawan garin, tunda 'ya'yan Yarbawa Musulmi ma abin yana shafarsu. A kuma faɗa mana a rubuce ko lalle laifi ne. Mu ba mu ƙi dokar kayan makaranta ba, mu ke ɗinka su da kuɗinmu. Amma a daina sa hannu a kan 'ya'yanmu. A daina, ranka ya daɗe. Jarrabawa ta kusa, yarinyar kuwa tana gida.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Iyayen ɗalibai mazauna Agege, Legas