Sanarwa: neman masu ba da jini a asibitin Galmi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Ina tuna mana batun asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Nijar. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1950, ba don neman riba ba. Daga Konni, Madawa, har ƙetaren iyakar Najeriya, can ake kai masu doguwar naƙuda da waɗanda suka yi hatsarin mota.

Yanzu damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro na shanye jinin yara, ga shi jini ba a sayensa a kanti. Matasanmu masu lafiya, ku daure ku bayar. Sai an gwada mutum tukuna, kuma a karya kumallo kafin a tafi.

Mai niyya ya rubuta sunansa nan, mu haɗa mota.