Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a buɗe wa ɗaliban Gaza ƙofar jami'o'inmu

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makaranta ne a Kano, shekara 22 ke nan ina riƙe da alli, ina koyar da Larabci da tarihi. Roƙo gare ni, amma kafin in faɗe shi ina so ka ji inda ya samo asali.

A ƙarshen 2022 na gama wani kwas na malamai a Alƙahira, na yi niyyar leƙa ƙanena da ke karatu a Jodan. Kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfin aljihuna, sai na bi mota zuwa Nuwaiba a gaɓar Sina'i, na shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa Aƙaba. Manyan motoci a ƙasa, mutane a sama, yawancinsu leburori 'yan Masar da ƙunshin kayansu, kowa ya shimfiɗa bargo inda ya samu. Cunkoso da jiri suka kore ni zuwa waje. Ina tsaye riƙe da ƙarfen gefen jirgi, sanyin teku yana ratsa ni, sai wani dattijo mai furfura ya miƙo mini shayi a murfin fulas, da gurasa da ya dangwala a man zaitun. Da ya ji sana'ata sai ya yi murmushi, ya ce shi ma malami ne, lissafi yake koyarwa. Daga nan muka koma kiran juna "ustaz".

Bafalasɗine ne. Mahaifinsa yana yaro aka kore su daga ƙauyensu kusa da Majdal a 1948, shekarar da suke kira Nakba, lokacin da sama da mutum 700,000 suka rasa gidajensu. Suka sauka a Gaza. Yaƙin 1967 ya sake tayar da su zuwa Jodan, suka zauna a sansanin Jarash wanda aka kafa a 1968, wanda har yau jama'a ke kira sansanin Gaza. A can aka haife shi, a can yake koyarwa a makarantar UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1949 domin 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Ya ciro fasfonsa ya nuna mini: na wucin gadi ne, babu lambar ɗan ƙasa a ciki.

Da muka doshi Aƙaba cikin dare, fitilu suka bayyana a jere. Ya ɗaga yatsa. "Ustaz, waccan Taba ce, ta Masar. Waccan Aƙaba. Ta tsakiyar kuwa Eilat, ta hannun Isra'ila, kakannina Ummur Rashrash suka san ta. Da mota, daga Taba zuwa Aƙaba bai kai rabin sa'a ba. Saboda wannan ɗan yankin ni da kai muke kan ruwa tun ɗazu." Bai ɗaga murya ba, kamar yana karanta wa ɗalibai lissafi a allo.

Na yi masa irin tambayoyin da mu mutanen nan muka saba yi, na Masallacin Ƙudus da na yaƙi. Ya amsa a taƙaice, sai ya karkata zuwa abin da ke cin ransa, wato jarrabawar Tawjihi, tasu ta gama sakandare. Ya ce ranar da sakamako ya fito, sansanin kamar Sallah yake, guɗa da rabon alawa gida gida. Mahaifinsa yana da wani gwangwani da ya ajiye mabuɗin tsohon gidansu da takardun gonarsu. Duk ɗan da ya gama karatu, sai tsohon ya naɗe takardar shaidarsa ya saka a cikin gwangwanin nan, tare da mabuɗin. Ya ce, "Mu ba mu da gonar da za mu bar wa 'ya'yanmu. Makaranta ita ce gonarmu." Ya kuma ba ni labarin 'yar ɗan'uwansa a Gaza da ke karatun haɗa magunguna, yana faɗa yana jin daɗi.

Ranka ya daɗe, ka san abin da ya biyo baya tun daga Oktoban 2023. Jami'o'in Gaza duka an rusa su ko an yi musu mummunan lahani. Jami'ar Musulunci ta Gaza, wadda aka kafa a 1978, ta zama kufai. Ginin Jami'ar Isra'a kuwa, duniya ta kalli yadda aka tarwatsa shi da nakiya a Janairun 2024. Yara 'yan makaranta kimanin 625,000 suka rasa aji, makarantunsu suka koma mafakar masu gudun bama-bamai, an kashe malamai da furofesoshi. Duk lokacin da na ga waɗannan hotuna, gwangwanin nan nake tunawa, da yarinyar da karatunta ya tsaya a tsakiya.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta ware gurabe a jami'o'in tarayya domin ɗaliban Gaza da yaƙi ya katse wa karatu, musamman na likitanci da jinya da haɗa magunguna da injiniyanci da koyarwa, waɗanda su ne za a fi buƙata ranar da za a sake gina wurin. Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Ibadan da Maiduguri duk suna da waɗannan tsangayoyi. A ɗauke musu kuɗin makaranta da na ɗakin kwana, a karɓi shekarun da suka riga suka yi, a kuma sassauta batun takardu, domin wanda aka rusa wa jami'a ba shi da inda zai je ya karɓo sakamakonsa. Pakistan da Afirka ta Kudu sun riga sun karɓi ɗaliban likitanci daga Gaza. Mu ma muna da hanya: Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, ofishin jakadancinsu yana nan Abuja.

Ba kuma sabon abu ba ne a wurinmu. Bayan kisan ɗalibai a Soweto a 1976, ƙasar nan ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu, matasan Afirka ta Kudu suka zo suka yi karatu a makarantunmu kyauta. Ina gaya wa ɗalibaina wannan tarihi cikin alfahari, ina so su ma su sami irinsa a zamaninsu.

Na san abin da za a ce, domin abokan aikina sun faɗa mini a ɗakin malamai: mu da ke da miliyoyin yara a titi, ajin da nake shiga ma wasu a ƙasa suke zama, ina mu ina ɗaukar nauyin wasu? Maganar tana da nauyi, ni ma kullum a cikinta nake kwana. Amma ɗalibi ɗari ko ɗari biyu da aka rarraba a jami'o'i da dama ba su ne za su hana yaron Dala samun benci ba. Mutanen Borno da Yobe kuwa, da suka ga an ƙona makarantunsu an kashe malamansu, ba sai an yi musu dogon bayani kan halin da waɗannan yara ke ciki ba.

Muka rabu da dattijon a layin duba fasfo na Aƙaba, shi aka tsayar da shi a gefe da takardarsa ta wucin gadi, ni na wuce. Ina roƙon ka kira shugabannin jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) da jakadan Falasɗinu ku zauna a kan wannan batu kafin zangon karatu mai zuwa. Idan aka buɗe asusu kamar na 1976, a fara cire kashi 2 daga albashina.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Malamin sakandare daga Kano