Wasiƙa zuwa ga 'yata kan rigar aure mai launi

'Yata,

Bayan gaisuwa da sa albarka, na ji kin fi son riga mai launi a kan fara, kuma ina bayanki. Farar rigar amarya ba ta daɗe kamar yadda ake zato ba. Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta sa ta yi tashe da aurenta a 1840, kafin nan amare a Turai kan sa rigar da ta fi kyau a cikin kayansu, ko wane launi ce.

Sai dai launi yana yaudarar ido, don haka kada ki yanke shawara a cikin shago. Ki nemi ƙyalle kamar faɗin tafin hannu biyu, ki kara shi a fuskarki kusa da taga da rana, ki sake dubawa da dare a ƙarƙashin irin fitilar da za a kunna a wurin bikin. Ƙwan fitila mai hasken rawaya yana dusashe shuɗi, yana ƙara wa ja zafi. Ki ɗauki hoton ƙyallen da hasken kyamara: ruwan madara da ruwan hoda mai haske sukan fito kamar fari, sai wahalarki ta tashi a banza.

Idan launin ya kwanta miki, ki sayi yadin duka daga bandir ɗaya, ki ƙara yadi guda na ko-ta-kwana. Bandir biyu masu lamba ɗaya kan bambanta kaɗan saboda ba tare aka rina su ba, kuma da zarar an haɗa hannu da jikin riga bambancin zai tona kansa. Ja, kore mai duhu da shuɗi mai duhu sukan zuba. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefen yadin. In ya ɗauki launi, zufa za ta sa ya ɓata miki fata da mayafi.

Shafi ma abin lura ne, musamman a ƙarƙashin leshi. Shi ne rabin launin da ido zai gani, don haka tela ta ɗora leshin a kan shafi kala biyu ko uku ki zaɓa. Yadin satin mai sheƙi yana nuna kowane lanƙwasa da ɗigon gumi, mai duhu kuma yana kama hoda.

Ban ba ki shawarar sayen fara ki rina ba. Siliki yana karɓar rini, amma poliyesta ba ya kama rinin gida, zaren ɗinkin kuma yakan tsaya fari.

Ƙawayenki su sa launin da ya bambanta da naki sosai, don kada ki ɓace a cikinsu. Ki je gwaji sau biyu ko uku da takalmin da za ki sa, na ƙarshe saura mako biyu, don tela ta sami lokacin gyara.

Allah ya yi miki albarka, ya sanya alheri.

Mahaifiyarki